Akwatin gem ɗin faɗa da wani mai gyaran talabijin ya haɗa min a Sabon Gari

Duk abokin da ya shigo ɗakin baƙina ya ga akwatin nan tsaye a lungu, kafin ya zauna sai ya tambaya ko daga Dubai na yo odarsa. A nan Kano aka yi shi. Katakon daga 'Yan Katako na Na'ibawa ya fito, wayoyin daga France Road, haɗin kuma aikin wani dattijo ne mai gyaran talabijin a wani lungu na Sabon Gari. Shagon ba shi da allon suna, tsofaffin talabijin masu ƙeya da aka jera a ƙofa su ne alamarsa. Wasu daga cikin abokaina sun riga sun ce za su kai masa nasu aikin, to gara su san abin da za su tarar tun kafin su biya kafin alƙalami.

Mu da muka tashi a Fagge a shekarun 1990, a gidan gem muka koyi faɗa, a kan benci, da pad a hannu. Mortal Kombat a Sega, daga baya Tekken 3 da PlayStation ta shigo. Amma waɗannan wasanni ba don pad aka ƙirƙire su ba. Street Fighter II da kamfanin Capcom ya fitar a 1991, a kan akwati mai sanda da madanni shida ya fara fitowa: naushi uku a jeren sama, shuri uku a jeren ƙasa, daga mara nauyi zuwa mai nauyi. A pad irin na PlayStation kuwa dole a jefa biyu daga ciki can saman kafaɗa, inda yatsa ba ya saurin kaiwa. Na daɗe ina son in buga su yadda aka yi su, shi ya sa da na sami ɗan sarari na ce sai an yi min nawa.

Abin da na kai masa ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Akwati na mutum biyu, na zama, irin fasalin Astro City ɗin da Sega ta yi a 1993 a Japan, ba dogon nan na tsaye na Amurka ba, don yarana ma su kai. A ciki kuma injin biyu nake so: ƙaramar kwamfutar ofis 'yar Beljiyam don sababbin wasanni irin su Tekken 7, da kuma allon nan na Sin da ake kira Pandora's Box, mai ɗauke da tsofaffin wasanni a cunkushe. Sanda biyu da madannan duka, su yi wa injin biyun aiki.

Baba, wato dattijon, bai taɓa haɗa irin wannan ba, kuma bai yi min ƙaryar ya taɓa ba. Ya karɓi allon, ya juya shi, ya ƙirga haƙoran da ke bakinsa da farce, ya ce, "Alhaji, ka samo min zanen nan a takarda, ban son na waya." Na buga masa a takarda na kawo. Daga nan ne na fara ganin bambancinsa da yaran yanzu masu cire wannan su sa wancan har Allah ya sa a dace.

Ga wanda bai sani ba, bakin nan mai haƙora sunansa JAMMA, tsari ne da ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fitar a 1985 don kowane allo ya shiga kowane akwati. Haƙori 56 ne, 28 a kowace fuska. Na farko da na biyu giraun ne, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, na uku da na huɗu bolt 5, na shida bolt 12 don sauti, sai hoto, sai na jefa kuɗi, sai sama da ƙasa da hagu da dama. Fuska ɗaya ta ɗan wasa na farko, ɗayar ta na biyu. Matsalar ita ce madanni uku kacal tsarin ya tanadar wa kowane mutum, don a lokacin ba wanda ya yi tunanin wasa zai buƙaci shida. Da Street Fighter II ya zo, sai Capcom ta ƙara wata igiyar wayoyi daban don shurin uku. Masu allon Sin kuwa ba su bi wannan hanyar ba, sai suka tura madanni na huɗu da na biyar da na shida zuwa haƙori na 25 da 26 da 27. To haƙori na 27 a asalin tsarin giraun ne. Wato in ka sayo igiyar JAMMA ta asali ka soka wa wannan allon, shuri mai nauyi zai kasance a danne har abada, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba.

Ni ban gaya masa wannan ba. Kafin ya ba wa allon wuta ko sau ɗaya, ya ɗauki mitarsa, wata tsohuwa mai allura, ya bi haƙoran igiyar ɗaya bayan ɗaya yana duba takarda. Da ya zo na 27 ya tsaya, ya sake aunawa, ya ce, "Wannan da na 28 a haɗe suke, amma takardar allonka ta ce madanni ne. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi." Ya raba su, ya ja sabuwar waya a kowace fuska. Sannan ya lura ramin haƙori na 7 a buɗe yake. A nan ake sa 'yar robar da ke hana mutum soka igiyar a juye, kuma in aka juya ta wutar na iya bi ta inda bai kamata ba ta ƙona allon. Ya yanko roba ya toshe wajen, ya kuma rubuta SAMA da farin fenti a fuskar da ta dace. Da ya zo saita bolt 5 ɗin, bai auna a bakin akwatin wutar ba, a bakin allon ya auna, wai waya tana shan nata rabon a hanya. Ya murɗa ɗan makunnin a hankali har allurar ta zauna a kan biyar da ɗan ɗigo.

Haka ya kama wata matsalar da ta fi wannan ɓuya. Don kwamfutar ta ji madannan, akwai ɗan allon USB mai araha da ake sayarwa da sunan Zero Delay, na sayo biyu. A haɗin akwati na al'ada, kowane madanni ƙafa biyu gare shi: ɗaya tana tafiya allo ita kaɗai, ɗayar kuma baƙar waya guda ce ke bi ta kan dukkan madannan kamar sarƙa, ita ce giraun. Da ya auna Zero Delay ɗin, sai ya ga ƙafar da madannan suka yi tarayya a kanta ba giraun ba ce, bolt 5 ce. Ya ce zai iya yi masa dabara amma ba ya so, don duk ranar da wani ya buɗe akwatin bai sani ba zai yi ɓarna. Muka ajiye su. Ƙanina da ke harkar kwamfuta ya kawo wasu ƙananan alluna da ake kira Raspberry Pi Pico guda biyu, ya loda musu manhajar GP2040-CE wadda kyauta ce, su kuma giraun ɗinsu na tarayya ne, suka zauna daidai.

Sai batun yadda madanni ɗaya zai yi wa injin biyu aiki. Ni a tunanina a haɗa duka a bari. Ya ƙi. Pico da bolt 3.3 yake aiki, allon JAMMA da bolt 5, in suna kan waya ɗaya babban zai dinga tura wa ƙaramin wuta ko da a kashe yake. Abin da ya yi shi ne, ya tattara wayoyin kowane ɗan wasa, huɗu na sanda, shida na faɗa, na farawa, na kuɗi, da giraun, goma sha uku ke nan, ya kai su kan filogi mai fil 15 irin na tsofaffin kwamfutoci. A jikin bangon ciki akwai soket biyu ga kowane mutum, ɗaya an rubuta KWAMFUTA, ɗaya TSOHO. In za ka canza, ka buɗe ƙofar gaba ka cire ka mayar. Ba zamani a ciki, amma ba yadda za a yi injin biyun su haɗu.

In ka leƙa ƙarƙashin faifan madannan za ka ga wayoyin a kwance layi-layi kamar kitson shuku, kowace da 'yar takarda a wuyanta da lambarta. Wayar bolt 230 ta bi gefen dama ita kaɗai a cikin bututu, ƙananan wayoyi suka bi hagu. Ba inda ya murɗa waya biyu ya naɗe da baƙin salatif. Da farko ya so ya liƙe wayoyin a ƙafafun madannan da dalma, don abin da hannunsa ya saba ke nan. Na nuna masa 'yan bakin ƙarfen da ake matsewa a kan waya a soka, masu faɗin milimita 2.8 da ke shiga madannan Japan. Ya jujjuya ɗaya ya ce, "Ai wannan ya fi, in madanni ya mutu kai ma ka canza, ba sai ka ɗauko min akwati ba." Ba kowane mai sana'a ne zai yarda da abin da zai rage masa ciniki ba. A bayan ƙofar kuma ya manna zanen haɗin gaba ɗaya, da hannunsa ya zana a fallen littafin makaranta.

Wajen kariya ma, abubuwan da ya sa ba ni na ce ya sa ba, Kano ce ta koya masa. Fiyus a mashigar wuta. Sharaɗin cewa kada in kuskura in soka akwatin a bango kai tsaye sai ta sitabilaiza, musamman lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Fanka biyu masu bolt 12, ɗaya tana shigar da iska daga ƙasa, ɗaya tana fitarwa ta sama, don zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya barin kwamfuta a rufaffen katako. A bakin fankar ƙasa ya sa raga da siririn soso da ake zarewa a wanke, saboda ƙurar hunturu. Kowace kafa ya toshe ta da raga don ɓera. Akwatin kuma a kan tayoyi huɗu yake, bai taɓa ƙasa ba, ko gara ko ruwan mofa ba sa samun sa. Ya haɗa wayar at, mai kore da ruwan ɗorawa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, a duk wani ƙarfe da hannu zai taɓa, sannan ya ce in je in duba soket ɗin gidana ko an ja masa at ɗin da gaske, don in ba a ja ba aikinsa na banza ne. Uwargida kuwa abin da ya fi burge ta makullin da ya sa a gefe, irin na mashin, wanda in an zare shi akwatin ba ya tashi. Lokacin Islamiyya da bayan sallar isha'i, makullin yana jakarta.

To, yanzu inda sai ka tsaya a kansa. Baba bai taɓa buga gem ba a rayuwarsa. A wajensa in an danna madanni abu ya motsa a allo, aiki ya yi. A wasan faɗa kuwa nan ne magana take farawa.

Allon kallo shi ne babba. Ya samo min talabijin inci 32 mai araha, hotonsa tas, launi kamar ka taɓa. Da na zauna gwaji sai na ji kamar wani ne ke riƙe min hannu. Waɗannan wasanni hoto 60 suke nunawa a sakan ɗaya, kuma akwai haɗin duka da in ka makara da hoto ɗaya ko biyu ya wargaje. Talabijin irin wannan yakan tsaya yana gyara hoto kafin ya nuna, sai ya cinye hotuna da yawa a tsakani, wannan kuma ba shi da saitin gem da ke kashe gyare-gyaren. Ina ganin duka na zuwa, in ja baya in tare, amma ya riga ya same ni. Na yi masa bayani, ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, ni fa ban ga wani jinkiri ba." Gaskiyarsa, ido ba ya gani, hannu ne ke ji. Sai da yaron shagonsa, wanda shi ɗan gem ne, ya karɓa ya gwada ya ce, "Oga, wallahi yana lati," sannan ya yarda. Muka mayar, aka sa monitar kwamfuta inci 27, aka sake yanka katakon fuska. Kuɗin wannan canjin a kaina ya faɗa. Ko da aka sa monitar, ya bar tsofaffin wasannin a baje har gefe da gefe don kada "a yi asarar allo", alhali an zana su ne a fasalin 4:3, in an baje su kowa ya zama gajere mai tumbi. Ni na shiga saiti na mayar.

A nan zan yi masa adalci. Tun farko ya ba ni shawarar in ɗauki ɗaya daga talabijin masu ƙeya da ke shagon, kuma don tsofaffin wasanni shawararsa daidai ce: irin wannan gilashin ba ya jinkiri ko kaɗan, don shi aka zana wasannin. Ni na ƙi, saboda nauyi, saboda kwamfutar, da kuma saboda cikinsa yana ɗauke da wutar da ta haura bolt 20,000, wadda takan zauna ko bayan an kashe. Na ga yadda yake sauke ta da sukundireba da waya kafin ya sa hannu, hannu ɗaya a aljihu. Wanda ke son tsofaffin kaɗai, kuma ba yara masu buɗe-buɗe a gidansa, wannan ne fagen da Baba ya fi kowa da na sani.

Faifan madannan ma sai da aka yi shi sau biyu. Kafintan da yake aiki da shi ya huda ramuka masu faɗin milimita 28, girman madannan Amurka, alhali nawa na kamfanin Sanwa na Japan ne masu milimita 30, na farawa kuma 24. Bayan haka ya jera su a miƙe ƙyam kamar maɓallan riga. Ɗora hannunka a tebur ka gani, yatsu ba a layi ɗaya suke ba, na tsakiya ya fi tsawo, shi ya sa akwatunan Japan ke lanƙwasa jeren. Sannan irin madannan da na kawo masu kunnuwa ne da ke maƙalewa a siririn ƙarfe, ba sa kama katako mai kaurin milimita 18. Har sun so su karkata sandunan biyu, kowacce ta kalli tsakiya, wai ya fi kyau a ido. In aka yi haka, ka tura gaba sai ɗan wasanka ya yi tsalle. A ƙarshe na buga zanen ramukan a takarda daidai girmansu, aka kai wa mai walda ya yanka a faifan ƙarfe. Na kuma sa aka ƙara faɗi, don a na farkon manya biyu in suka zauna gwiwar hannu ce ke fara faɗan kafin na allo.

Sandar, Sanwa JLF, waya biyar gare ta a filogi guda, kuma in ka juya ta wajen ɗaurawa sai kwatancen ya rikice. Ta ɗan wasa na biyu sama ta koma ƙasa, yaron ya gyara nan take. Abin da ba su sani ba shi ne tsayinta: abin da ya fito saman faifai ya kamata ya kasance wajen milimita 23 zuwa 24 kafin ƙwallon. In ta nutse, yatsu ba sa samun wajen riƙo, juyin nan na ƙasa, ƙasa-gaba, gaba sai ya dinga kufcewa. Da wasoshi muka daidaita ta.

Kada ka bar masa sayen sanda da madanni. Waɗanda na gani a kasuwa a nan kwaikwayo ne, kamanninsu ɗaya da na asali amma sandar tana lilo, madannan kuma sai ka danna da ƙarfi. Shi a wajensa duka makunni ne. Nawa ta hannun wani ɗan'uwa mai shigo da kaya na samo, kuma sun ci kuɗi fiye da ladan aikin Baba gaba ɗaya. Ladan nasa, in aka dubi sa'o'in da ya zauna yana matse bakin waya ɗaya-ɗaya, bai tsawwala ba. Mun ɗan yi ciniki, ya rage kaɗan, na ga bai kamata in matsa ba. Wanda Tekken ne kaɗai abinsa, ya sani 'yan Koriya wata irin sanda suke amfani da ita mai roba a ciki maimakon sifirin, ramin da take buƙata daban ne, a yanke shawara kafin a kai ƙarfe wajen walda.

Sai haƙuri. In ya ce maka ranar Laraba, ka tambaye shi wace Larabar. Talabijin ɗin maƙwabta da rediyon masu shayi duk suna shiga gaban aikinka, don su a tsaye suke a kansa. Wayarsa tana aljihu amma ba ya jin ta, gara ka kira yaron. Ranar Juma'a kada ka ɓata man mashin ɗinka kafin la'asar. Rasit babu, garantinsa shi ne "in ya yi wani abu ka kawo". Shagon kuma matsattse ne, akwatin a waje aka ƙarasa shi, yaran unguwa sun yi masa gwajin da ban nema ba. Da kurkura muka kai shi gida, kuma ka auna ƙofar ɗakinka tun kafin a yanka katako, nawa da ƙyar ya shige sai da aka cire tayoyin.

Abu ɗaya ya rage da bai warware ba. In kwamfutar ce ke aiki, sifikun suna ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, wanda ba a ji in wasa ya yi zafi amma ana ji in an tsaya. Ya ce amfilifayar da fankokin ne ke shan wuta daga tushe ɗaya, zai raba musu. Faifan madannan da ƙofar baya duk da maƙalai ya kama su, ba da ƙusa ba, saboda haka ba sai an sake kiran kurkura ba, yaron zai zo gida da ƙaramar taransifoma ya sa. An ce min ranar Laraba.